Shin na'urar sanyaya jiki tana maganin zafin ɗaukewar al'ada?

Yar'uwa, kin tambaya ko na'urorin da ake ɗaurawa a jiki suna rage zafin nan da ke taso wa mace daga ƙirji zuwa fuska bayan al'ada ta fara ɗaukewa. Suna sauƙaƙa shi, amma ba sa hana shi zuwa, domin tushensa raguwar sinadarin jikin mace da ake kira estirojin ne, wanda ke sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka jiki ya yi zafi alhali bai yi ba.

Mai kama da agogo, irin Embr Wave, tana da ɗan farantin ƙarfe da lantarki ke sanyaya gefensa ɗaya, ɗayan gefen kuma yana fitar da zafi. A cikin wuyan hannu ake ɗaura ta, farantin ya manne da fata sosai. Idan hannun riga ya rufe bayanta, zafin ba ya samun mafita, sai sanyin ya mutu. Ki kunna ta da zarar kin ji alamar farko, tunda zafin kan wuce cikin minti 1 zuwa 5. Jinkiri na iya sa ki ga kamar ba ta aiki.

Zoben wuya mai wani ruwa a ciki da ke daskarewa a digiri 18 ko 28 na ma'aunin Celsius ba ya buƙatar batir, amma in ya narke sai an sake daskarar da shi a firji ko a ruwan sanyi, don haka gara ki mallaki biyu. Fankar wuya kuwa zufa take busarwa, kuma takan kama gashi.

Kada ki ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fata. In zafin yana hana ki barci, ko zufar dare ta haɗu da rama ko tari, ki ga likita.