Makullin sarƙar agogo ya lalace: a gyara ko a sauya?

Wasiƙu huɗu ne suka zo mini kan abu guda, wato makullin sarƙar agogon hannu, ɗan ƙarfen nan da ake dannawa ya ce ƙas a bayan wuyan hannu. Shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Malam, bara na sayi Rolex Datejust na hannu a Dubai. Yanzu makullin yana buɗewa da kansa, sau biyu agogon yana zame mini ina alwala. Wani mai gyara a kasuwa ya ce in kawo naira 40,000 ya sa mini sabo orijinal, shi kuma ya riƙe tsohon. In ba shi? Daga wani ɗan kasuwa a Kano.

Alhaji, kada ka ba shi. Tun yau ma ka cire agogon ka ajiye a durowa, domin faɗuwa ɗaya a kan tayil za ta ja maka gyaran da ya ninka na makullin.

Makullin da ke buɗewa da kansa yawanci bai mutu ba. In Datejust ɗinka na shekarun 1980 ko 1990 ne, makullinsa siraran faranti ne na ƙarfe da aka lanƙwasa, kuma lanƙwasar ce ke sa ya kama. In ta saki, ƙwararre zai ɗan ƙara mata kana tsaye kana kallo. In na baya-bayan nan ne, wanda aka sassaƙo daga curin ƙarfe, akwai ɗan sifirin a cikinsa, shi ne ke gajiya ko ya cushe da gumi da ƙurar hunturu. A wanke, a sauya sifirin, shi ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne "ya riƙe tsohon". Rolex ba ya zuba kayan gyaransa a kasuwa kamar fulogin babur. Cibiyoyinsa da masu gyaran da ya amince da su yake bai wa. Makullin asali, ko da na hannu ne, da ɗaruruwan daloli ake cinikinsa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san canjin yau, ka buga lissafin da kanka ka ga ko 40,000 ta kama ƙafarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Naka na asali zai gyara cikin minti goma ya sayar, ko ya liƙa shi a jikin sarƙar jabu don ta shiga a matsayin gangariya, kai kuma ka tafi gida da na bogi kana godiya.

Na gaji da ganin yadda mutanenmu ke tantance jabu. Wani ya ɗora a tafin hannu ya jinjina ya ce "ai da nauyi". Masu jabun ma suna da sikeli. Wani ya ɗauko maganaɗisu ya kara, ya ga bai kama ba, ya ce orijinal ne. Rolex da ƙarfe mai lamba 904L yake aiki, yawancin sauran kamfanoni da 316L, ƙwararrun masu jabu ma da irinsu suke yi, kuma duka biyun ba su cika bin maganaɗisu ba. To me ka gwada ke nan? Tambarin kambin da ke saman makullin ma ba hujja ba ce, shi ne abu na farko da mai jabu yake koyon bugawa. Abin dubawa shi ne cikin makullin, inda aka buga haruffa da lambobi, waɗanda a tsofaffin makullai suke nuna lokacin ƙera shi, a ga ko sun yi kusa da shekarun agogon, a ga tsabtar rubutun, a shafa gefuna a ji ko suna da kaifi. Wannan ma sai idon da ya saba da na asali.

Kuma ɓarnar ba ta tsaya a makulli ba. Ranar da za ka sayar da agogon, mai saye na ganin makullin jabu zai fara zargin sarƙar, daga nan ya zargi injin, ya karya maka farashi yadda ya ga dama, kuma ba ka da bakin magana. Ni kaina an taɓa sauya mini sarƙar wani tsohon Seiko da na kai a sa masa gilashi, sai bayan wata biyu na gane, da ta fara baƙanta mini hannu. Tun daga ranar ba na miƙa agogo sai na ɗauki hoton makullin ciki da waje da wayata, a gaban mai gyaran.

Akwai dillalin Rolex na hukuma a Legas da Abuja, ga kuma Dubai tunda kana zuwa. Sai dai ko can ka yi tambaya kafin ka sa hannu a takarda, domin cibiyoyin kamfani sun fi son sauyawa da gyarawa, kuma sau da yawa ba sa maido da tsohon da suka cire.

Tambaya: Babanmu ya rasu ya bar Omega Seamaster da ya daɗe yana ɗaurawa. Ina gwadawa sai wani fil ya fita, makullin ya rabu biyu. Na kasa barci, gani nake na lalata abin tunawa da shi. Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. 'Yar uwa, kwantar da hankalinki, ba ki lalata komai ba. Fil ɗin nan ya yi shekaru yana cinyewa a hannun Baba, a hannunki ne kawai kwanansa ya ƙare. Ki tattara duk abin da ya faɗo, har wanda kike ganin ba shi da amfani, ki ƙulle a leda. Tun ƙarshen 2015 kamfanin Swatch, mai Omega da Rado da Longines, ya daina sayar wa manyan diloli kayan gyara, don haka sabon makullin Omega ba ya samuwa a kowane tebur. Amma ke fil kike nema, kuma mai gyara nagari zai sa wanda ya yi daidai da kaurin ramin. Ki hana shi goge sarƙar da inji. Ƙarcen da ke jikinta na Baba ne, kuma gogewa cin ƙarfe take yi. In ba a raba gado ba tukuna, ki sanar da 'yan uwa kafin agogon ya fita daga gida.

Tambaya: Hannun makullin TAG Heuer ɗina ya tsage. In sa sufa gulu, ko in kai wa mai walda na bakin layinmu? Daga wani ɗalibi a Kaduna.

Haba ƙanena. Mai waldar layinku ƙyauren gida yake haɗawa. Wutarsa za ta ƙona launin ƙarfen, ta kashe sifirin, ta bar maka dunƙule. Gam kuma ba ya riƙe wurin da ake buɗewa ana rufewa kullum. Irin wannan tsagewa da waldar leza, wato ta siririn haske mai zafi, ake ɗinke ta, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. In ba ka samu mai ita ba, sa madaurin fata ka ajiye sarƙar. Auna tsakanin ƙahonin agogon, inda madauri ke maƙalewa, tukuna, yawanci milimita 18 zuwa 22 ne.

Tambaya: Makullin agogona na gwal ne, maƙerin zinare zai iya gyarawa? Daga wata Hajiya a Katsina.

Hajiya, a fara tabbatarwa gwal ne ko ruwan gwal. Duba ciki, in kin ga 750, karat 18 ne. In babu shi kuma babu wata alamar karat kamar 585 ko 18K, da alama ruwa aka yi masa, kuma wuta na taɓa shi zai fita. Maƙeranmu sun saba da karat 21 da 22 na Saudiyya da Dubai, wanda ya fi ja, in suka cike da shi tabon zai fito fili. Ki ce lallai da 18 za a yi aikin. A cire sarƙar daga jikin agogon kafin a kusanto da wuta, a auna ta a sikelinsu a gabanki, ki rubuta giram ɗin a takarda, in an gama a sake aunawa.