Saƙar hannu da yadin inji a ƙunshi ɗaya: amsa ga mai neman rance

Wani ɗan kasuwa ya rubuto cewa yana sayar da tufafin saƙar hannu masu rinin shuni, yana aiki da masaƙa shida da marini ɗaya, waɗanda ke iya fitar masa da zane kamar 50 a wata. Tun bara oda ta haura zuwa kimanin 80, saboda haka yake cike giɓin da yadin masana'anta da aka yi wa zanen da ya yi kama da nasa, yana haɗa su a ƙunshi ɗaya da suna ɗaya da farashi ɗaya. Ya ce riba ta ninka, manyan masu sayensa biyu ne kawai suka taɓa dawo da kaya, kuma yana so ya san ko ya dace ya ci bashin banki ya sayi injinan saƙa domin ya fara kai kaya ƙasashen waje kafin shekara ta zagayo.

Malam, ka cika wasiƙarka da maganar rance da injina, amma abin da zai rushe maka sana'a yana cikin layi ɗaya da ka rubuta ka wuce kamar ba komai ba, wato zane 30 ɗin nan da kake cusawa cikin kayan masaƙanka. Ka kira shi cike giɓi, ni kuwa algus nake kiransa, kuma kafin a zo kan ko banki zai ba ka kuɗi, sai mun duba ribar da kake tinƙaho da ita mun ga daga ina ta fito.

Mu ƙaddara kana sayar da kowane zane a kan 100. Na hannu, idan ka haɗa kuɗin zare da ladan masaƙi da na marini, zai tsaya maka a kan 70 ko kusa da haka, ribarka 30. Na masana'anta ba zai wuce 25 ba, ribarka 75. Zane 50 na gaske sun ba ka 1,500, zane 30 na jabu sun ba ka 2,250. Ke nan kashi 60 cikin ɗari na ribar wata yana zuwa ne daga kayan da mai saye bai san su ya saya ba, kuma ranar da ya sani wannan kason zai ɓace gaba ɗaya, ya ja na gaskiyar ma su tafi tare. A kan wannan ribar kake so ka ɗora bashi mai ruwa, wanda za a riƙa karɓa kowane wata ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Kana ganin mutum biyu kawai suka gane. Ni kuma abin da na sani game da masu sayen irin wannan kaya shi ne, mafi yawansu ba sa dawo da shi, shiru suke yi su daina yin oda, sannan su gaya wa abokan sana'arsu. Gane bambancin kuwa ba ya buƙatar wani ilimi mai zurfi. Wanda ya saba da saƙar hannu gefen zanen yake fara dubawa, domin hannun masaƙi ba ya ja wa ƙoshiya ƙarfi iri ɗaya kowane karo, sai ka ga bakin ya ɗan shiga nan ya ɗan fita can, alhali na inji miƙe yake sar. Sannan ya juya bayansa, saboda abin da aka tsoma a rini launinsa ya ratsa fuska biyu, wanda aka buga wa zane kuwa bayansa a koɗe yake. Shuni ba ya narkewa a ruwa sai an jiƙa shi ya ruɓa a cikin ruwan toka, zane ya fito daga ciki kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi, kuma ana maimaita tsomawa da shanyawa sau da yawa kafin launin ya yi duhu. Wannan jinkirin shi ne mutane ke biya, kuma alamarsa tana nan a jikin tufar ga duk wanda ya iya dubawa.

Batun injina kuwa, tarihin wannan sana'a ya riga ya yanke hukunci a kansa. Edmund Cartwright ya yi rajistar injin saƙarsa a Ingila a 1785, kuma cikin shekaru hamsin da suka biyo baya masaƙan hannu na ƙasar, waɗanda yawansu ya kai wajen 240,000 a shekarun 1820, suka ga ladansu na mako ya faɗi zuwa ƙasa da sulusin abin da suke samu a farkon ƙarnin. Sun yi ƙoƙarin yin gasa da inji a kan araha, suna ƙara sa'o'in aiki suna rage farashi, har sana'ar ta mutu a hannunsu. Haka ta faru da shunin kansa: kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin sinadari a 1897, lokacin da ake samar da kimanin tan 19,000 na shunin ganye a shekara, amma zuwa 1914 abin ya koma wajen tan 1,000, gonakin baba na Indiya suka durƙushe. Idan ka sayi injina uku ko huɗu da kuɗin bashi, ka fita daga kasuwar da kake da abin da wasu ba su da shi, ka shiga wadda masana'antun Sin da Indiya masu dubban injina ke iko da ita, inda za su sayar da yadi a ƙasa da kuɗin da kai za ka sayi zare.

Waɗanda suka tsira daga wannan guguwa sun tsira ne ta hanyar da ta saɓa wa taka. A tsibiran Outer Hebrides na Sikotland akwai yadin gashin tumaki da ake kira Harris Tweed, wanda a farkon ƙarni na ashirin kwaikwayo ya fara zubar masa da daraja. Masu sana'ar suka kafa ƙungiya a 1909, suka yi rajistar tambari, aka riƙa duba yadi kafin a buga masa shi. A 1993 majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka sukutum a kan wannan yadi ɗaya, ta ce ba a kiransa da sunan sai idan mazauna tsibiran ne suka saƙa shi da hannu a gidajensu, da gashin da aka rina aka kaɗa a can. Indiya ma ta fito da tambarin saƙar hannu na gwamnati a 2006 saboda wannan dalili. Mutanen nan sun fahimci cewa abin da inji ba zai iya kwaikwaya ba shi ne tabbacin cewa hannu ne ya yi, suka kewaye shi da doka, kai kuma kana da irin wannan tabbaci a hannunka kyauta kana sayar da shi a kan ribar 'yan watanni.

Na taɓa zama da wata 'yar kasuwa da ta yi shekaru tana aika wa wani shago a ƙasar waje mayafan saƙar hannu. Da oda ta fi ƙarfin masaƙanta, sai ta sa kaɗan na inji a tsakiyar ƙunshi, tana ganin ba za a kwance duka ba. Wani mai saye a can ya wanke nasa, launi ya zuba, ya mayar wa shagon, mai shagon kuma ya baje sauran kayan a kan tebur ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Bai nemi rangwame ba, bai yi faɗa ba, ya mayar mata da kayan duka har da na gaskiyar, ya bar ta da kuɗin jigila zuwa da dawowa. Masaƙanta, waɗanda ba su san hawa ba ba su san sauka ba, suka yi watanni ba aiki, biyu daga cikin gwanayensu suka koma wata sana'a. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma masu saye na waje, waɗanda kake mafarkin kai wa kaya kafin shekara, sun fi kowa bincike, domin su ma doka tana kama su idan suka rubuta wa kaya abin da ba shi ne ba.

Ban ce sayar da yadin masana'anta laifi ba ne. Yana da masu so, kuma akwai wanda aljihunsa nan ya tsaya. Ka ware shi, ka ba shi suna dabam da farashinsa na gaskiya, ka faɗa wa mai saye abin da yake saya. Na hannun kuwa, tunda masu nema 80 ne kaya 50, kasuwa da kanta tana gaya maka ka yi masa araha. Ƙara kashi 20 cikin ɗari zai mayar da ribar kowane zane daga 30 zuwa 50, wato 2,500 a wata daga kaya mai tsabta, kuma wanda ya matsu zai ba da rabin kuɗi ya jira layi ya zo kansa. Daga wannan ƙarin ka ɗaga ladan masaƙan, domin su ne jarinka na haƙiƙa, kuma gwanin masaƙi ba a samar da shi a wata shida. Idan kana son kaya su ƙaru, hanyar ita ce kowane ɗaya daga cikinsu ya ɗauki almajiri, kai kana sayen zaren koyo, ka kuma haƙura da cewa ƙarin zai zo a hankali.

Ka buɗe littafi, kowane zane ya sami lamba, a rubuta wanda ya saƙa shi, da ranar da aka rina shi, da irin shunin da aka yi amfani da shi, sannan lambar ta bi zanen har hannun mai saye. Da kana da irin wannan littafi, da ba sai ka rubuto ba za ka ga inda ribarka ke fitowa.

Rance dai kada ka ci, bana ko baɗi. Abin da ke gabanka a wannan makon shi ne mutum biyun nan da suka dawo da kaya. Ka je ka same su da kanka, ka faɗa musu abin da aka yi ba tare da ɗora wa yaran shago ba, ka musanya musu da na hannu ko ka mayar da kuɗinsu. Bayan su, ka bi sauran manyan masu sayenka da suka karɓi kaya tun bara, ka fara da waɗanda odarsu ta ragu ba su faɗi dalili ba.