Sabuntawa Ta Tsayar Min da Manhaja

Tambaya: Malam, na rubuta wa wani shagon magani a Gusau manhajar lissafi. Da na sabunta laburaren da take dogara da shi (wato tarin umarnin kwamfuta da wasu suka riga suka rubuta), sai ta ƙi tashi. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, duba lambar sigar laburaren tukuna. In ta tsallaka daga 2.4 zuwa 3.0, gargaɗi ne cewa tsohon aiki na iya karyewa. Haka aka yi da Python 3 (siga ta uku ta Python, yaren rubuta manhaja) a 2008: hatta print, umarnin nuna rubutu a allo, sai an sa masa baka biyu, kuma sai 2020 aka daina kula da Python 2. Abin yana ci min rai, domin laburaren da jama'a suka daɗe suna dogaro da shi bai kamata ya canza ba sai da dogon gargaɗi. Koma tsohuwar sigar yau, ka ɗaure lambarta a requirements.txt (fayil ɗin da ke jera laburaren da manhajar Python ke buƙata), ka gwada sabuwar a wata kwamfutar, ba ta shagon ba.