Kafso ba ya kashe ƙwayar mura

Wata uwa daga ƙauyen da ke kusa da Ringim ta rubuto cewa ɗanta mai shekara uku ya kwana huɗu yana mura da tari, mai kemis ya ba ta Ampiclox amma ba ta ga sauƙi ba. Tana tambaya ko ta sayi wanda ya fi shi tsada.

Baiwar Allah, ki kwantar da hankalinki, ki kuma ɗaure bakin jakarki. Mura ta yau da kullum ƙwayar bairos ce ke kawo ta, ita kuwa bairos ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum, saboda haka Ampiclox da ja-da-yalo, waɗanda aka yi domin bakteriya, ba su da abin da za su yi mata. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke ɗirka wa yara waɗannan magunguna kamar alewa. Cikin yaro cike yake da bakteriya masu amfani da ke taya shi narkar da abinci, kafso kuwa ba ya tambayar wace ce mai laifi, sai ya share su, yaro ya kama zawo, waɗanda suka tsira kuma su yi taurin kai har su daina jin maganin ranar da ake buƙatarsa da gaske.  Ki ba ɗanki ruwa da abinci sosai, idan da zazzaɓi a gwada maleriya. Amma in kin ga yana numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi ci da sha, ki kai shi asibiti a ranar.

Wani malami daga Bichi yana tambaya kan ruwan maganin da mai mota da lasifika ke sayarwa ranar kasuwa, wai yana kashe kowace bairos har da ta ciwon hanta. Haba Malam! Gorar da babu lambar NAFDAC a jikinta, wadda kuma take maganin basir da sanyi? Ka je a gwada jininka, in ba ka da ciwon ka yi rigakafi.

Manomin Gwaram kuma yana son zaɓi tsakanin maganin ɓera da duro mai murfi na ajiye abinci. Sayi duron, Alhaji. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, fitsari da kashin ɓera a kan abinci ne ke yaɗa shi, guba kuwa kaji da yara ma suna iya kaiwa gare ta, ɓerayen maƙwabta kuma za su dawo.