Hanyar Zama Baturen 'Yan Sanda a Ƙaramin Gari

Tambaya: Wani mai karatu daga Makarfi ya rubuto yana cewa: "Ɗana ya gama sakandare, kuma burinsa ya zama DPO, wato baturen 'yan sanda, irin na garinmu. Ta wace ƙofa zai shiga, kuma me kujerar take buƙata daga mai zama a kanta?"

Amsa: Malam, DPO ba muƙami ba ne da ake maƙala wa mutum a kafaɗa. Aiki ne da kwamishinan 'yan sandan jiha yake tura jami'i ya riƙe, kuma galibi mai muƙamin sufiritanda (SP) ko babban sufiritanda (CSP) ake ba wa.

Ƙofofin da ke gaban ɗanka biyu ne. Ta farko ita ce ya shiga a matsayin kurtu, a horar da shi a wuri irin Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna, sannan ya bi matakai daga kofur zuwa saje zuwa sufeto kafin ya fara ɗora anini. Wannan hanya tana da tsawo, kuma da yake doka ta yanke ritaya a shekara 35 ta aiki ko shekara 60 da haihuwa, da yawa suna ajiye kaki ba su kai ga kujerar ba. Ta biyu ita ce makarantar 'yan sanda ta Wudil a jihar Kano, wadda ake nema ta hanyar JAMB, a yi shekara 5, a fito da digiri da muƙamin mataimakin sufiritanda (ASP). In takardunsa sun yi kyau, Wudil nake ba shi shawara. Sai dai ya sani, tsohon sufeton da zai tarar a caji ofis ya fi shi sanin gari nesa ba kusa ba, kuma yaron da ya raina shi don anini ɗaya zai sha wahala.

Ƙarin girma daga nan yana hannun hukumar kula da aikin 'yan sanda ta PSC, wadda take duba shekarun aiki, da kwasa-kwasai irin na kwalejin manyan jami'ai da ke Jos, da tsabtar fayil.

Shugabancin shi ne inda gizo ke saƙar. A ƙaramin gari jami'ai kaɗan ne, mota wani lokaci guda ɗaya ce, saboda haka ƙarfin DPO yana ga hakimi da dagatai, da limamai da fastoci, da arɗo, da sarkin kasuwa, da 'yan sintiri. Ka ɗauka gab da girbi shanu sun faɗa gonar masara, mai gona ya taho da gayyar matasa riƙe da gora. Baturen da ya san aikinsa zai kira arɗo da mai unguwa, a taka har gonar a ƙiyasta ɓarna kafin magariba. Wanda ya tsaya jiran a kawo masa rahoto a rubuce, gawa zai ɗauka da safe.

Mutane kuwa ba za su tsegunta masa labari ba in suna tsoron ofishinsa. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama uba ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma hana tsare mutum kan bashi ko saɓanin ciniki zalla. Beli kyauta ne, kuma tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa. DPO ne ke da alhakin ganin yaransa sun kiyaye waɗannan, domin shi majistare zai tambaya idan ya zo duba waɗanda ke bayan kanta.

Ka kuma shaida wa yaron cewa aikin na tarayya ne. Yana iya riƙe Birnin Gwari bana, baɗi takardar canji ta jefa shi wata jiha da bai taɓa jin harshenta ba.