Ɗana ya faɗi BEPC sau biyu, ina zan nufa da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa 17, bana karo na biyu ke nan yana faɗuwa jarrabawar BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare. Mahaifinsa ya ce a saya masa babur ya shiga kabu-kabu, ni kuma raina bai kwanta ba. Ku ba ni shawara. Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Kafin a yanke komai, ki tattaro takardun sakamakonsa na shekaru biyun nan ki duba makin. Idan yana tsayawa a 8 ko 9 cikin 20, bai yi nisa da 10 ɗin da ake nema ba, yana iya sake zama a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, da darasin yamma a fannin da ke ja masa baya. In kuwa Faransanci da lissafi suna 4 ko 5, ciwon tun daga firamare yake. Ga gwaji mai sauƙi: a ba shi littafin ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ya faɗa miki ma'anarsa da Hausa. In ya kasa, zama na uku asarar shekara ne. A kai shi a duba idanunsa kuma, don akwai yaran da ake kira daƙiƙai alhali allo ne ba sa gani daga bayan aji.

Idan boko ya ƙi, akwai cibiyoyin koyon sana'a na gwamnati da ake kira CFM, waɗanda aka buɗe musamman don irinsa. Ana koyar da ɗinki, walda, kafinta, aikin lantarki da gyaran babur, gwargwadon kayan da cibiyar take da su. Ki tanadi takardar haihuwa, takardar shaidar ajin da ya kai daga daraktan makarantarsu, da hotuna, ki je tun kafin komawar makarantu ta watan Oktoba. Kada ki tsaya a ofis. Ki leƙa ɗakin aikin ki ƙirga: keken ɗinki nawa ke aiki, yara nawa ke jira? Inda yara goma ke rububin inji ɗaya, kallo kawai zai koyo.

Hanya ta biyu ita ce a kai shi wurin mai sana'a, kuma a nan aka fi yin kuskure. Sai a damƙa yaro ga mai gareji da “ga ɗanka nan”, shekara biyu ta wuce yana sayo shayi da wanke kayan aiki, ko sau ɗaya bai kwance inji ba. Mahaifinsa ya je da kansa, da shaida ɗaya, a yi magana a fili: shekara nawa kafin yaye, me zai iya yi da hannunsa bayan wata shida, wa ke ba da kuɗin abincin rana. Ku tambayi maigidan yara nawa ya yaye, ina shagunansu suke yanzu. Wanda ya fara kame-kame, a nemi wani. A yi gwajin wata uku kafin a sayi kayan aiki, saboda yaro kan ce walda yake so, sai hasken ya hana shi barci kwana biyu ya gudu.

Ko wace sana'a ya kama, ya riƙe lissafin awo. Kafintan da bai bambance santimita da milimita ba, katakon mutane zai yi ta ɓatawa.

Batun babur kuwa, muna bayanki. Kuɗin yau da gobe yana shigowa, amma bayan shekara biyar babur ya tsufa, hannun yaron kuma bai koyi komai ba. In kuɗin babur ɗin yana nan, a ajiye shi har ranar yaye, a saya masa kayan aikinsa da shi.