Tambayi Anti: In fim ya gundure ni a sinima, laifi ne in tashi in fita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah wata 'yar magana ce ƙarama amma ta tsaya min a rai. Satin da ya wuce muka je sinima ni da ƙawata kallon wani fim da aka daɗe ana zuzuta shi, tallansa kawai na kalla ya fi sau biyar a waya, toh Anti wallahi ko minti arba'in ba a yi da farawa ba naji duk na gaji, labarin baya tafiya, ga ƙarar sauti kamar zai fasa min kunne. Na raɗa mata nace mu tafi, tace haba ai mun biya kuɗi, asara kenan, in daure ƙila gaba yayi daɗi. Haka na zauna sama da awa biyu har aka tashi banga daɗin ba, na fito da ciwon kai ga haushi. Yanzu ita cewa take wai rashin haƙuri gareni. Anti tsakani da Allah wa ke da gaskiya? Daga ƙanwarki mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ƙaramar magana bace tunda har ta dame ki, kuma ba ke kaɗai bace, mutane da yawa suna zama su cinye fim ɗin da basa so saboda wannan kalma ɗaya da ƙawarki ta faɗa, wato asara.

Bari mu tsaya a kan asarar nan tukuna. Kuɗin tikitin nan tun lokacin da kika miƙa shi aka baki takarda ya bar hannunki, kin zauna ya tafi, kin fita ya tafi, babu wanda zai tsaya a ƙofa bayan an tashi yace ga ladan zamanki. Abun da ya rage a hannunki a daidai lokacin da kika raɗa mata maganar shine awa ɗaya da rabi ɗin da ta saura, shi kaɗai ne kike da iko dashi, kuma shi kika bayar. Kinga kenan an yi biyu babu, kuɗi ya tafi, lokaci ya bi shi, ga ciwon kai an ƙara miki a kai.

Masana tattalin arziki da masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan hali namu, suna kiransa da abun da za a iya fassarawa da kuɗin da ya riga ya nutse. Richard Thaler, wanda ya samu kyautar Nobel a 2017, tun a 1980 yayi rubutu a kai. Sai a 1985 wasu masana biyu, Hal Arkes da Catherine Blumer, suka fitar da wani gwaji da ya yi daidai da zancenmu ƙwarai, don shima a gidan kallo akayi shi, gidan wasan kwaikwayo na jami'ar Ohio a Amurka. Mutane ne suka zo siyan tikitin kallon wasannin shekara gaba ɗaya, wasu aka siyar musu a cikakken farashi dala 15, wasu aka rage musu dala 2, wasu dala 7, kuma ba zaɓa akayi ba, duk wanda rabonsa ya faɗa. Wasannin iri ɗaya ne ga kowa. Amma da aka ƙirga sai aka ga waɗanda suka biya cikakken kuɗi sun fi zuwa kallo a rabin farko na shekarar, ba don wasan ya fi musu daɗi ba, zafin kuɗin ne yake tura su. A rabi na biyu kuwa da zafin ya huce sai bambancin ya ɓace. Wannan zafin ne yayi magana da bakin ƙawarki ranar, don haka kar ki riƙe ta a rai, kusan kowa haka yake. Har gwamnatoci basu tsira ba, jirgin saman nan Concorde mai gudun wuce sauti da Ingila da Faransa suka haɗa gwiwa suka ƙera, an yi ta zuba masa kuɗi bayan an gane ba zai dawo dasu ba, hujjar dai itace an riga an kashe da yawa, ya fara ɗaukar fasinja a 1976 aka ajiye shi a 2003, har yau ana buga misali dashi a wannan babin.

Toh amma fa ƙawarki tana da rabin gaskiya a wuri ɗaya, inda tace ƙila gaba yayi daɗi. Akwai finafinan da a hankali suke kama mutum, sai an daɗe ana shimfiɗa kafin a hau labari, kuma in mutum ya saba da bidiyon waya na sakan talatin sai ya ga komai yana jan ƙafa. Shiyasa ni nake cewa a ba fim haƙƙinsa kafin a yanke masa hukunci. Yanda aka saba tsara labarin fim mai awa biyu, kusan minti 25 zuwa 30 na farko gabatarwa ce, a nan ake nuna miki su waye mutanen, me suke nema, me ya tare musu hanya, daga nan labari yake juyawa ya kama hanya. Kuma ki fara ƙirgen daga lokacin da fim ɗin ya fara, banda tallace-tallacen da ake sakawa kafin shi. In kin wuce wannan gaɓar kin tambayi kanki, shin akwai mutum ɗaya a cikin fim ɗin nan da na damu in san me zai faru dashi, kika ji babu, ko mutuwa yayi ko aure yayi duk ɗaya ne a wurinki, toh Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ke kin bashi kusan minti arba'in, ni banga rashin haƙuri a nan ba.

Sannan ki bambanta gundura da rashin jin daɗi na zuciya. Wani fim ɗin zai sa ki kuka ko ya ɗaga miki hankali ko ya faɗi abun da baki yarda dashi ba, amma idonki yana kan allon ba kya so ki ɗauke, wannan fim ɗin yana aikinsa ne, sau da yawa irinsu ne suke zama a kai kwana da kwanaki. Gundura kuwa itace kina ta duba agogo, kina lissafin kayan da baki wanke ba.

Wanda ma bana so ki tsaya shawara a kansa shine na lafiya. Kin ce sauti kamar zai fasa miki kunne kuma kin fito da ciwon kai, wannan kaɗai ya isa dalili. Wasu kuma in ana girgiza kyamara da yawa jiri suke ji da tashin zuciya, saboda ido yana ganin motsi shi kuma cikin kunne da yake kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune ake, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Haske mai walƙiya da sauri-sauri kuma yana iya tayar wa wasu masu farfaɗiya da ciwonsu. Haka in aka fara nuna abun da ya saɓa wa tarbiyyarki ko kina tare da yara aka shiga abun da bai dace dasu ba, ki tashi kawai, ba sai an cika minti 30 ba.

Kuma wannan zama daga farko har ƙarshe da muke ganin kamar dole ne, ba haka aka faro ba. A Amurka shekaru da dama, har zuwa wajen 1960, gidajen sinima da yawa jere finafinai suke suna ta maimaitawa, mutum ya shigo a tsakiyar fim ya kalla, in an zagayo inda ya tarar sai ya tashi ya tafi. A bikin finafinai na Cannes a Faransa, wanda aka fara tun 1946, masu sharhin fim da kallon ma shine sana'arsu suna tashi su fita in abu bai musu ba, ba sabon abu bane a can.

Abu ɗaya zan roƙe ki, ki fita da ladabi. Sauran mutane sun biya kuɗinsu kuma wataƙila su suna jin daɗinsa. Ki jira inda aka canza fage ko inda sauti ya tashi, ki sunkuya, kar ki kunna fitilar waya a fuskar mutane, kar kiyi tsaki ko ki ce wannan ai shirme ne kina wucewa. In kin san ke mai saurin gajiya ce ki dinga zaɓar kujerar bakin layi. In kuwa fim ne mai hutun rabin lokaci irin yanda ake yi wa finafinan Indiya, toh an ma buɗe miki ƙofa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni nawa ya ɗan bambanta. Abokina ne ya gayyace ni, shi ya zaɓi fim ɗin shi ya biya mana, bayan kamar rabin awa naga ba zan iya ba sai na sulale na fita, na tura masa saƙo cewa na wuce gida. Tun ranar yake min wani sanyi-sanyi. Ni a ganina ban yi laifi ba tunda ban hana shi kallonsa ba.

AMSA: Ƙanena a nan kam ba zan goyi bayanka ba. Fitar ba ita bace laifin, yanda ka fita ne. Mutumin da ya ce zo muje kallo ba kujera ya siya maka ba, zama da kai yake so, yana so in abun dariya ya zo ya juyo ya ga kaima kana dariya, in an tashi ku fito kuna musu a kan ƙarshen, kuma tunda shi ya zaɓa, da ka fita sai yaji kamar zaɓinsa ka raina, ya ƙarasa kallon ga kujera wayam a gefensa yana tunanin ko wani abun ya maka. Saƙon waya kuma bayan ka riga ka kama hanya sanarwa ce kawai, ba shawara ba.

Lissafin da na yi wa ƙanwarmu a sama na mutumin da yake auna lokacinsa ne da kuɗinsa. In da wani a gefenka lissafin ya canza, don yanzu ba fim kaɗai kake samu a zaman ba, har da zumunci, kuma wani lokacin awa ɗaya ta gundura ba tsada bace in an auna ta da ran aboki. Ni kaina na sha zama har ƙarshe saboda wadda muke tare naga ta nutsu tana jin daɗi, kuma ban taɓa nadamar hakan ba. In kuma da gaske ba za ka iya ba, ka matsa ka raɗa masa, ka ce ni fa abun bai kama ni ba, zan jira ka a waje, ka kalla a nutse. Sai ka jira ɗin da gaske. Yanzu dai ka kira shi, ba saƙo ba, kira, ka ce masa ka gane baka kyauta ba, ka tambaye shi ya fim ɗin ya ƙare, sannan zuwa na gaba kai ka biya.

Kuma gareku duka, ku dinga yin wannan maganar tun kafin a kashe fitila, in ɗayanmu bai ji daɗi ba ya za mu yi. Minti ɗaya ce amma tana hana irin wannan.

TAMBAYA: Anti ana dawo wa mutum da kuɗinsa in ya fita? Kuma ba cin fuska bane ga waɗanda suka sha wahala suka shirya fim ɗin?

AMSA: Kowane gidan sinima da tsarinsa. Wasu in ka fito da wuri, tun fim bai yi nisa ba, ka je wurin masu siyar da tikiti kayi magana cikin mutunci suna iya canza maka zuwa wani fim ko wata rana, wasu ma su mayar da kuɗin, wasu kuma a'a, don su kujera suka siyar maka ba alƙawarin daɗi ba. In matsalar daga su ce, sauti ya lalace ko hoto ya ɗauke, a nan kana da bakin magana sosai. Ka dai riƙe tikitinka kar ka yar.

Su kuma masu fim, furodusa da darakta da jarumai, basa cikin zauren balle su ganka, kuma kasonsu yana fitowa ne daga tikitin da aka siyar, ana raba kuɗin tsakanin gidan sinima da masu rarraba fim ɗin, tashinka bai rage musu komai ba. Inda za ka iya zaluntarsu shine ka kalli minti 20 ka hau intanet kana yanke wa fim ɗin gaba ɗaya hukunci kamar ka ga ƙarshensa. In za ka yi magana a kai ka faɗa tun farko cewa ka fita a tsakiya, ka faɗi minti nawa ka kalla da abun da ya fitar da kai.